Sawun Juma'a a Challawa

Shanu huɗu aka tarar a bakin magudana da safiyar Asabar, cikinsu a kumbure, bakinsu duk kumfa. Na Malam Idi ne mai lambu, kuma biyu daga ciki su ne na huɗarsa. Ruwan da ya kwanta a kwarin shuɗi ne mai kauri, da warin da duk wanda ya taɓa ratsa Challawa ya san shi. Latas da albasar lambu bakwai sun kwanta kamar an sheƙa musu tafasasshen ruwa. Ba a tsaya neman mai duba ba, don magudanar daga ƙarƙashin katangar kamfanin jima na Alhaji Abdulbaqi ta fito.

Kafin ƙarfe takwas masu lambu sun cika ƙofar kamfanin, wasu da fartanya a kafaɗa. A shekarar nan ta dubu biyu da tara kusan kowa ya yi waya, saboda haka magana ta riga kowa isa ko'ina, kuma a hanya ta yi kitso da kwalliya. An ce jiya Juma'a aka saki ruwan, daidai lokacin da ma'aikata suka tafi masallaci. An ce mutum biyu kaɗai aka bari a ciki, Rifkatu mai kwamfuta da Filibus mai janareta, dukansu Kiristoci 'yan kudancin Kaduna.

Malam Gwadabe, shugaban masu gadi, shi ne a bakin ƙofa. Tsoho ne siriri daga wajen Gumel, wanda ya yi shekara ashirin yana bin sawun shanun sata kafin gwiwoyinsa su ce sun gaji. Ya saurari maganar, ransa ya ɓaci, don ya sha ganin inda irinta take ƙarewa.

"A fito mana da su!" in ji wani daga baya.

"Kai da waye za a fito wa?" Gwadabe ya ce. "Malam Idi, kai ne mai rashi. Ka riƙe mini mutanenka zuwa azahar."

Malam Idi ya daɗe yana dubansa da jajayen idanu. "Zuwa azahar, Gwadabe. Bayan nan ba ruwana."

* * *

A ofis, Alhaji Abdulbaqi sai kai-komo yake, hular ma a hannu. Manaja Sule, mai kula da aiki, yana tsaye da takarda. Rifkatu na zaune a gefen kujera.

Ga yadda abin yake. Turawan da ke sayen fatar kamfanin sun kafa sharaɗi, sai sun riƙa gani da idonsu cewa ruwan da ake fitarwa mai tsabta ne. Don haka aka kafa mita a bakin magudana, aka ɗauko Rifkatu ta haɗa rumbun bayanai, ta kuma rubuta wani umarni da take kira ɗan aike. Duk sa'a guda ɗan aiken nan zai ɗauki abin da mita ta auna, ya zuba a rumbu, ya tura shafin kamfanin da ke kan wasu kwamfutocin haya a ƙasar waje. Masu harkar suna kiran wurin gajimare. Gwadabe bai taɓa yarda da sunan ba, a cewarsa gajimaren da ba ya kawo ruwa ba gajimare ba ne.

"Duba nan, Alhaji," in ji Manaja Sule. "Guba ta kashe shanu, amma shafi yana cewa ruwanmu garau yake. An canza lambobin jiya daga ƙarfe ɗaya zuwa biyar. Ga sunan wanda ya canza."

Sunan Rifkatu ne, har sau biyar.

"Alhaji, ban taɓa komai ba," ta ce. "Duk abin da ɗan aike ya yi da sunana yake fitowa, don ni na rubuta shi."

"To ai shi ne," in ji Manaja. "Ita ta rubuta, ita kaɗai ce a ofis, ɗan garinsu kuma shi kaɗai ne a fili. Jibi Litinin mai bincike zai zo daga wajen Turawa. Wani ya saye su ne don a rufe mana kamfani."

Alhaji ya ce ya riga ya kira 'yan sanda, za su zo bayan azahar su tafi da su biyun. Gwadabe ya san idan aka fito da yarinyar nan ta ƙofar can a matsayin mai laifi, ba lallai ta kai mota ba, in ma ta kai, zamanta a unguwarsu ta Dorayi ya ƙare.

"Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa lokacin," ya ce. "Kuma don Allah kada kowa ya je bakin tafki. Tun safe ake tattake mini ƙasa kamar kasuwar Larabar ƙauye."

* * *

Tafkin yana can bayan rumfunan shanya. A nan ake tara shuɗin ruwan jima kafin injin tacewa ya wanke shi. Jiya da safe Gwadabe ya gan shi cike har baki, yau ya ragu da kamu uku. A gefensa akwai bawul mai kan ƙarfe kamar sitiyarin mota, wanda idan aka murɗa, ruwan zai zarce magudana ba tare da ya bi ta inji ba.

Ya durƙusa, gwiwoyinsa na ƙara. Sawun takalmin ruwa ne ko'ina, manya, masu zanen ƙashin kifi, kuma ba a kamfanin nan mai ƙafa irin wannan sai Filibus. Amma da ya ƙara duba sai ya ga taku ne mai nisa, yatsu sun nutse, dunduniya ba ta taɓa ƙasa ba. Da gudu mutumin ya zo, kuma a kan laka ya taka, bayan ruwa ya riga ya fantsama.

Ya ɗauki tsinke ya ɗaga ɓawon lakar da ta bushe a gindin bawul. A ƙarƙashi, kan busasshiyar ƙasa, ga rabin wani sawu. Tafinsa sumul, ba zane ko ɗaya, da layin ɗinki a gefe. Ba silifan roba ba ne irin na leburori. Takalmin fata ne na zuwa masallaci, irin na masu ofis.

Ya sami Filibus a ɗakin janareta yana goge abin da ba ya bukatar guga.

"Kai ka rufe bawul," in ji Gwadabe. "Ƙarfe nawa?"

Filibus ya saki tsumman. "Baba, wa ya gaya muku?"

"Ƙafarka. Ƙarfe nawa?"

"Biyu da kwata. Wari na ji, na leƙa, na ga ruwa na ambaliya. Na ruga na rufe."

"Ka rufe bakinka kuma."

"Baba, in na faɗa wa zai yarda? Ni kaɗai ne a fili. 'Ya'yana uku. Wallahi tsoro ne ya kama ni."

Gwadabe ya ji kamar ya kwaɗa masa mari, don da ya yi magana jiya da shanun Malam Idi suna raye. Ya danne zuciyarsa, ya tambaye shi me ya sa tafki ya cika haka.

"Injin tacewa ai ya yi sati uku bai tashi ba. Idan yana aiki ina jin nauyinsa a kukan janareta. Manaja ya ce an kai wani ƙarfensa gyara Sharada, kada a dami Alhaji da maganar."

* * *

Ɗakin kwamfuta ƙarami ne, da sanyin da ke sa wa Gwadabe ciwon gaɓoɓi. Bokonsa bai wuce lambobi ba, amma ya ja kujera ya zauna kusa da Rifkatu.

"'Yata, ɗan aiken nan naki, wa yake jin maganarsa ban da ke?"

Ta ce akwai wata jaka a cikin kwamfutar da ta sa wa suna jakar gyara. Wani lokaci mita na yin kuskure, sai ta rubuta lambobin daidai ta ajiye a jakar. Idan ɗan aike ya tarar da gyara na wata sa'a, shi yake ɗauka ya bar na mita, in ya gama ya share jakar.

"Ke nan mutum zai iya ajiyewa da safe, ya tafi abinsa, aiki ya yi kansa da rana?"

"Zai iya, Baba."

"Kamar tarko. Wa ya san da jakar?"

"Lokacin da na je gida Kirsimeti na nuna wa Manaja da Badi'a sakatariya, ko da wani abu zai taso. Amma ba ni da shaida. Jakar a share take."

"Ƙasa ma ana share ta, kuma mukan samu. Fito mini da lambobin jiya a takarda. Ba rubutu ba, zanen nan mai hawa da sauka. Ki haɗa da na Juma'o'i huɗu da suka wuce."

Firinta ta yi ta kuka, ya jera takardun biyar a ƙasa ya tsuguna a kansu. Layin yana nuna yawan ruwan ɗauraya da ke fita. A takardu huɗu, layin yana tafiya, sai ya faɗa rami, ya kwanta a ƙasa, can ya sake tashi. A ta jiya kuwa ya miƙe sambal ba rami.

"Wannan ramin mene ne?"

"Masallaci ne," ta ce, ba tare da ta ko duba ba. "Ƙarfe ɗaya ake kashe gangunan wanke fata, ruwa ya tsaya, sai biyu da rabi. Duk Juma'a ina nan zaune ina kallonsa yana sauka, a lokacin nake cin abincina." Sai ta ƙura wa takardar jiya ido. "Baba, wannan ba Juma'a ba ce. Wata rana aka kwafo aka liƙa."

"Wace rana? Ga alama nan." Ya ɗora yatsa a kan wani tsini da ya yi sama shi kaɗai a daidai ƙarfe uku. "Saniyar nan tana ɗingishi. Nemo mini garken da ta fito."

Ta rubuta wani gajeren umarni ya bi rumbun kaf yana gwada kwanaki. Ya dawo da rana guda, Talata, kwana goma sha ɗaya da suka wuce. Lambobin sun dace ɗaya bayan ɗaya, ban da na ƙarfe uku, don a cikin rumbu, Talatar ba ta da tsini.

Rifkatu ta dafe ƙirji. "Na tuna. Leda ce ta maƙale a bakin mita ranar, ta ba da lambar banza. Laraba da safe na gyara. Duk wanda ya kwafa daga rumbuna, gyararriya zai samu."

"Wa ke da mai ɗingishin?"

"Talatar da yamma na zuba wa Badi'a lambobin a filashi, za a kai taro Bompai."

Agogon bango ya nuna sha biyu saura kwata. Daga ƙofa ana jin hayaniyar ta ƙaru, har an fara dukan ƙarfen get.

* * *

Badi'a ta tsorata tun kafin ya buɗe baki. Ta san jakar gyara, filashin ya bi ta hannunta, jiya kuma ba ta tafi gida ba sai sha biyu da rabi. Gwadabe ya dubi ƙafarta, ƙarama ce, ba ta kai girman sawun da ya gani ba. Amma mai ajiye gyara daban, mai murɗa bawul daban, hakan ma mai yiwuwa ne.

"Filashin nan yana ina?"

"Baba, ko minti biyar bai yi a hannuna ba. Manaja ya karɓa ya tafi da shi Bompai. Sau biyu ina tambaya, ya ce yana mota."

"Jiya da safe wa ya shiga ɗakin kwamfuta?"

Ta sunkuyar da kai. "Lokacin da Rifkatu ta je duba mita, ya ce in ba shi makulli zai ɗauki takarda. Don Allah kada ku ce ni na faɗa."

"Ba sai na ce ba. Ki zo ofis kawai, ki zauna."

* * *

Ƙarfe ɗaya saura ashirin aka taru a ofishin Alhaji: Manaja Sule, Rifkatu, Filibus da Badi'a. Gwadabe ya shigo da Malam Idi da kansa, ya ce mai rashi ba a yi masa shari'a a bayan ido. Ya miƙa wa Manaja takardar jiya.

"Manaja, ni ban yi boko ba. Karanta mini, ƙarfe ɗaya da rabi na jiya, yaya ruwan ɗauraya yake?"

Sule ya duba sama-sama. "Ga shi nan, yana tafiya kamar kullum. Ai shi ne ƙaryar, an ɓoye gubar."

"Kamar kullum. To su wa ke ɗauraya a lokacin? Aljanu? Kowa yana masallaci, ganguna a kashe."

Ya shimfiɗa sauran takardun huɗu a kan tebur, ramukansu a jere. Alhaji ya sa tabarau ya sunkuya.

"Ranka ya daɗe, Juma'a tana da sawunta a gidan nan. Yarinyar nan shekara biyu tana zaune ita kaɗai tana kallon ramin nan duk mako. Da ita ce za ta ƙirƙiro Juma'ar ƙarya, ko a mafarki ba za ta mance da shi ba. Wanda zai mance shi ne wanda bai taɓa ganin kamfanin nan a wannan sa'a ba, saboda kullum yana sahu tare da mu."

"Wannan ai zance ne," in ji Sule. "Mu ɗari biyu ne muke zuwa masallaci."

"Haka ne. Amma ɗari biyun ba su da Talata mai ɗingishi."

Ya sa Rifkatu ta yi bayanin ledar da tsinin, da gyaran da ta yi ranar Laraba. Ta yi shi a taƙaice. Kwafi ɗaya ne tak ya fita kafin gyaran, ta ce, kuma Bompai aka kai shi.

"Wa ya je mana taron Bompai?" Alhaji ya tambaya a hankali, alhali ya sani.

Gwadabe ya ce akwai rabin sawu a gindin bawul, ya kife kwano a kai. Idan Manaja bai damu ba, a ɗauko takalmin Juma'arsa daga mota a gwada, a duba ɗinkin tafin ko akwai shuɗi, a haɗa da filashin tunda wuri ɗaya suke.

Gumi ya jiƙa wa Sule wuyan riga. Can ya zauna a kujerar da ba a ba shi ba.

"Mai gyaran ne ya lalata ƙarfen," ya ce. "Kullum gobe, kullum gobe. Tafki ya cika, mai bincike na tafe. Na ce in aka rage shi a sa'ar da ba kowa, kogi zai janye. Na buɗe kafin in shiga mota. Wallahi ban yi nufin dabbar kowa ba."

"Ita fa?" in ji Malam Idi, yana nuna Rifkatu. "Ita ma ba ka yi nufinta ba? Da safen nan da bakina na ce a fito mini da ita."

Sule bai ɗaga kai ba. Gwadabe ya yi shekara shida yana buɗe wa mutumin nan ƙofa, suna sallah kafaɗa da kafaɗa, kuma abin ya yi masa ciwo fiye da yadda ya zata.

Alhaji ya share fuska da hula. Ya ce 'yan sanda za su tafi da wanda ya dace, shi kuma zai fita da kansa ya yi wa mutane bayani. Sannan ya juyo wajen Rifkatu, ya rage murya.

"Ki yi haƙuri, 'yata, an zalunce ki. Amma shafin nan, a bar shi yadda yake zuwa Talata. In mai binciken ya tafi sai a gyara."

"Alhaji, mita tana riƙe abin da ta auna har kwana bakwai," ta ce. "Na ɗauko na gaskiyar na sa a jakar gyara kafin in shigo. Ƙarfe ɗaya ɗan aike zai ɗauka."

Duk suka dubi agogo. Saura minti huɗu.

"Za ki iya tsayar da shi?"

"Zan iya. In kun ce in tsayar, kamfaninku ne, sai ku sa wani ya yi, zan nuna masa yadda ake yi. Amma ƙaryar da ke kan shafin nan da sunana take zaune, kuma saboda ita aka kusa fitar da ni ta ƙofar can."

Alhaji ya dubi Gwadabe kamar mai neman agaji. Gwadabe ya kau da kai ya dubi Malam Idi, wanda har yanzu lakar kwarin ke manne a ƙafafunsa, shuɗiya. Alhaji ma ya dubi ƙafafun. Ya ja kujerarsa ya zauna, ya ɗora hular a gwiwa, bai ƙara cewa komai ba har dogon hannun agogo ya hau sha biyu.

Daga ɗakin kwamfuta firinta ta yi ɗan kukanta. Badi'a ta je ta kawo takardar. Layin jiya ya fito da raminsa a ƙarfe ɗaya, sai dai maimakon ya kwanta, ya yi tsalle ya haye har saman takarda, sa'a ɗaya da kwata cur. A gefe, sunan Rifkatu sau biyar.

Rifkatu ta karɓa ta duba, ta miƙa wa Malam Idi da hannu biyu.

"Baba, wannan kam ni na sa."

Malam Idi bai iya karatu ba, amma ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ya ce wa Gwadabe ya buɗe ƙofar gaba ɗaya, ba ƙaramar ba, kuma shi zai yi gaba, Rifkatu ta biyo bayansa.